Dangin Seriyam a Cikin Magniziyam: Wuraren da Ake Yawan Gyaran Gangar Auzinawa

Wata Asabar cikin hunturu na shiga Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, neman wanda zai ƙera mini awartaki mai dogon hannu. Na tarar da dattijon da na saba zuwa wurinsa zaune gaban tulin gwangwan, yana ware na narki da na zubarwa. Ya ɗauko murfin wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya jinjina shi a tafin hannu, ya wurga shi can gefe. Na ce, "Baba, wannan fa, ba alminiyum ba ne?" Ya girgiza kai. "Malam, wanga ba na tukunya ba na. Mun taɓa sa irinai cikin narki, wuta tat tashi hwara hwat, ido bai kallonta. Yaro yaz zuba ruwa, sai abin yaƙ ƙara haukacewa."

Na kankare bayan murfin da wuƙa, na matsa lemun tsami a wurin. Nan take ƙananan kumfa suka fara tsattsafowa. Alminiyum ba ya yin haka. Magniziyam ne, ƙarfen da ya fi duk ƙarafan ƙira rashin nauyi: inda alminiyum ke da giram 2.7 a kowane santimita kubik, baƙin ƙarfe kuma kusan 7.9, shi 1.74 kawai yake da shi. Shi ya sa masu ƙera jiragen sama da motoci da kwamfuta suke kwaɗayinsa. Babban abin da ke hana su sakewa da shi shi ne saurin cinyewa idan ya haɗu da ruwa, musamman ruwan gishiri.

Shekaru ke nan ina zama da ɗalibai a ɗakin gwaji nan Sakkwato, kuma a 'yan shekarun nan da wuya zango ya wuce ba a kawo mini takardar aikin kammala karatu mai cewa za a ƙara wa magniziyam wasu ƙarafa don a hana shi tsatsa ba. Ƙarafan da ake nufi su ne guda 17 ɗin nan da Turawa suka laƙaba wa sunan ƙasa mai wuyar samu: lantanam, seriyam, niyodimiyam, gadoliniyam da sauran 'yan layinsu, su 15 ke nan gaba ɗaya, sai itiriyam da sikandiyam. Sunan ya samo asali tun ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da aka tono wani baƙin dutse a ƙauyen Ytterby na ƙasar Suwidin, Johan Gadolin ya bincike shi a 1794. Sunan yaudara ne, domin seriyam yana da yawa a ƙasa kusan kamar jan ƙarfe. Raba su da juna ne ke da wuya. Ni dai dangin seriyam nake kiransu, haka kuma zan kira su a nan. Suna da amfani ƙwarai, na gani da idona. Amma yawancin aikin da ke zuwa hannuna yana lalacewa ne a wurare iri ɗaya, shekara bayan shekara.

Yadda cin yake

Tsatsar magniziyam ba ja ba ce irin ta kwanon rufi. Fara ce ko toka-toka, kamar garin alli. Idan ƙarfen ya taɓa ruwa, yana rikiɗewa ya koma Mg(OH)2, wato farar tsatsar nan, iskar haidirojin kuma ta fita a matsayin kumfa. Alminiyum yana da wata siririyar fata da ke rufe shi ruf, shi ya sa tukunyar zubi ke shekaru a murhu. Fatar magniziyam kuwa ba ta isarsa, kamar rigar da ta yi wa mutum kaɗan: girmanta kashi 81 ne cikin 100 na ƙarfen da aka cinye wajen yin ta, don haka tana tsagewa, gishiri ya sami hanyar shiga.

Sai kuma abin da ya fi muni. A ma'aunin lantarki na ƙarafa, magniziyam yana can ƙasa, a −2.37, baƙin ƙarfe yana −0.44, jan ƙarfe yana +0.34. Duk inda ƙarafa biyu masu tazara irin wannan suka haɗu cikin danshi, batir ya samu, kuma na ƙasan shi ake ci. Ba sai ƙarfen ya zo daga waje ba. Ƙwayar baƙin ƙarfe da ido ba ya gani, wadda ta maƙale a cikin jikin magniziyam, ta isa ta zama ƙaramin batir, ta yi ta fitar da kumfa, magniziyam ɗin da ke kewaye da ita yana zagwanyewa. Dangin seriyam kuwa kusan a matsayi ɗaya suke da magniziyam, itiriyam a −2.37, seriyam wajen −2.34. Tunda babu tazarar da za ta haifar da batir, daga nan aka fara sa rai da su.

Zuba turare a kan ƙazanta

Wannan shi ne babban kuskure, shi kuma zan fi daɗewa a kansa, don idan aka faɗa cikinsa sauran aikin duk wahalar banza ce.

A 1942 Hanawalt da abokan aikinsa biyu a kamfanin Dow na Amurka suka nuna cewa akwai iyakar ƙazantar da magniziyam ke iya jurewa. Baƙin ƙarfe, giram 170 a tan guda. Jan ƙarfe, wajen giram 1,000. Nikel, giram 5 kacal. Ƙasa da wannan iyaka ƙarfen yana cinyewa a hankali. Da zarar an haura ta, cin sai ya tashi ninki goma, ninki ɗari. Ka ƙaddara buhun gero mai kilo 100 ne, giram 17 na tsakuwa, abin da bai fi cikin cokali biyu ba, shi ne zai ɓata buhun gaba ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gamin AZ91D, wato magniziyam da aka gama da alminiyum da ɗan zinki, wanda ake yawan zuba murafun kwamfuta da kayan mota da shi, ƙa'idarsa ta fi wannan tsanani a kan baƙin ƙarfe da jan ƙarfe: baƙin ƙarfe kada ya wuce kashi 0.005 cikin 100, nikel 0.002, jan ƙarfe 0.03. Harafin D ɗin nan na ƙarshe shaidar wannan tsabta ce.

Wani ɗalibi mai himma ya taɓa zuwa mini da leda cike da ƙananan maganaɗisu masu ƙyalli, ya ciro su daga tsofaffin na'urorin ajiyar kwamfuta da sifikun waya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na karanta cewa akwai niyodimiyam a ciki, kuma sayo shi daga waje ya fi ƙarfina." Gaskiya ya faɗa, akwai shi, kuma raina ya so dabararsa. Na zaunar da shi muka yi lissafi a bayan takardarsa. Irin wannan maganaɗisu kusan kashi 70 cikin 100 baƙin ƙarfe ne, niyodimiyam ɗin bai wuce kashi 30 ba. Idan yana son kashi 1 na niyodimiyam a narki mai kilo guda, giram 10 ke nan, sai ya zuba maganaɗisu wajen giram 35, wanda zai shigo da baƙin ƙarfe wajen giram 25. Iyakar da kilo guda ke jurewa giram 0.17 ce. Ya wuce ta kusan ninki 150. Mafi yawan ƙarfen ba zai ma narke ba, zai kwanta a gindin tukunya, amma wanda zai narke ya isa ya ƙosar da narkin. Sannan ƙyallin da ke jikin maganaɗisun, shafen nikel ne da jan ƙarfe. Duk guba ukun da ake gudu suna cikin ledar nan guda.

Haka labarin dutsen laita yake. Akwai seriyam da lantanam a cikinsa, Carl Auer von Welsbach ne ya ƙirƙiro shi a 1903, amma da baƙin ƙarfe aka gama shi don ya yi tauri ya ba da tartsatsi. Wasu kuma garin seriyam da masu goge gilashi ke aiki da shi suke sayowa su barbaɗa a narki. Wannan garin ya riga ya haɗu da iskar oksijin, toka ce, ba ƙarfe ba ce, abin da za a samu datti ne a cikin zubi. Yashin monazait da ake samu a tsofaffin ramukan kuza na Jos ma ya faɗo cikin wannan sahu, ga shi kuma yana ɗauke da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, bai kamata ya kwana a ɗakin ɗalibi ba.

Gyaran a nan ba shi da kwana-kwana. A sayi magniziyam mai takardar shaidar abin da ke cikinsa, a karanta layin baƙin ƙarfe da nikel kafin a duba farashi. A sayi dangin seriyam a matsayin gamin da aka riga aka narka da magniziyam, irin mai kashi 25 ko 30. Bayan zubi a yanki ɗan guntu a aika inda ake da na'urar auna sinadarai a tabbatar da abin da ya shiga. Idan kuɗin bai kai nan ba, gara a canja aikin: a ɗauki gwangwan na AZ91D a gwada shafe-shafen kariya a kansa. Aiki ne mai daraja, kuma sakamakonsa zai tsaya da ƙafarsa.

Akwai gaskiya guda da ke rikita mutane. Dangin seriyam, kamar yadda manganis da zakoniyam ma ke yi, suna iya kama wani ɓangare na baƙin ƙarfe su dunƙule da shi, ko ya nutse ƙasa, ko ya zama ƙwayar da ba ta da zafin ci. Saboda haka mai ƙazamin magniziyam zai iya ƙara seriyam ya ga cin ya ragu, ya rubuta cewa ya gano magani. Abin da ya faru shi ne mummuna ya koma mai dama-dama. Magniziyam mai tsabtar gaske yana cinyewa wajen milimita 0.3 a shekara cikin ruwan gishiri mai kashi 3.5. Da wannan ya kamata a gwada kowane sabon gami, ba da ƙazamin da aka fara da shi kaɗai ba.

Ɗaukar su duka abu guda, da zaton yawa shi ne kyau

Sau da yawa ɗalibi zai rubuta "an ƙara kashi 3 na dangin seriyam" ba tare da ya faɗi wanne ba. Ai ko 'yan uwa ciki ɗaya kowa da halinsa. Abin da ya raba su a wannan fage shi ne yawan wanda magniziyam ke iya shanyewa a jikinsa bayan ya daskare, kamar yadda shayi ke shanye sukari har ya ƙoshi, ragowar ta kwanta a gindin kofi. Lantanam da seriyam, ƙasa da kashi 1 ake shanyewa. Niyodimiyam wajen 3.6. Itiriyam wajen 12. Gadoliniyam ya haura 23. Waɗannan ma a tsananin zafi ne, dab da narkewa. Da ƙarfen ya huce, adadin yana faɗuwa ƙasa sosai.

Wanda aka shanye shi ne mai amfani ga tsatsa. Yana bazuwa ko'ina daidai wa daida, kuma idan fuskar ƙarfen ta fara cinyewa yana shiga cikin fatar nan mai tsagewa ya cike mata gurbi, ta ƙara kamewa. Wanda ya yi saura kuwa yana haɗuwa da magniziyam ya zama wasu ƙwayoyi masu tauri irin su Mg12Ce da Mg24Y5 da Mg5Gd, su jeru a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen kamar kunyoyin gona. Yawancinsu sun ɗan fi magniziyam matsayi a ma'aunin lantarki, don haka ƙananan batira ne su ma, ko da ba su kai baƙin ƙarfe mugunta ba. A 2009 Nick Birbilis da abokan aikinsa a Ostireliya suka zuba magniziyam zalla da seriyam, da lantanam, da niyodimiyam, kowanne dabam, suka ga cewa duk lokacin da aka ƙara yawansu cin yana ƙaruwa. Duk ɗalibin da ya zo mini da tabbacin cewa ƙari alheri ne, wannan aikin nake fara ba shi labari.

To me ya sa gamin magniziyam da ake kira WE43 ya yi suna wajen jure tsatsa? Haruffan kansu bayani ne: W itiriyam, E sauran dangin, lambobin kuma kashi 4 da kashi 3. An gina shi ne a kan itiriyam da niyodimiyam, waɗanda ake iya shanyewa, da ɗan zakoniyam mai sa ƙwayoyin ƙarfe su yi ƙanana. Sannan ba a amfani da shi yadda ya fito daga zubi. Ana gasa shi a digiri 525 na awa 8 don ƙwayoyin nan masu tauri su narke su koma ciki, a tsoma shi ya huce da sauri, a sake gasa shi a digiri 250 na awa 16. Wanda ya zuba gami mai gadoliniyam ko itiriyam ya jefa shi ruwan gishiri ba tare da wannan gashi ba, bai gwada abin da yake zaton ya gwada ba. Ka kwatanta da ZE41, wanda aka daɗe ana zuba akwatin giyar jirage masu saukar ungulu da shi. Shi ma akwai dangin seriyam a cikinsa, amma da zinki aka gama shi, kuma juriyarsa ga ruwan gishiri ba ta kama ƙafar ta WE43 ba, sai an lulluɓe shi da shafe mai kyau. Ganin harafin E a sunan gami ba shaidar komai ba ne.

A lura kuma, gashin kansa yana iya tona asirin ƙazanta. Baƙin ƙarfen da ya ɓuya a jikin zubi saboda saurin daskarewa, zafin gashi kan fito da shi ya zama ƙwayoyi, sai ka ga samfurin da aka gasa ya fi ɗanyen saurin cinyewa. Ruwa ba ya tsami banza. Idan ka ga haka, koma ka auna baƙin ƙarfe kafin ka ɗora wa gashin laifi.

Idan kuma gamin mai alminiyum ne, irin AZ91, labarin ya sake salo. Dangin seriyam sun fi son alminiyum a kan magniziyam, don haka suna janye shi su yi ƙwayoyin Al11RE3 (RE ɗin nan dangin seriyam ne) da makamantansu. Kaɗan daga cikinsu, ƙasa da kashi 1, yakan taimaka. Amma AZ91 yana da wata raga ta Mg17Al12 da ke kewaye ƙwayoyinsa, wadda idan ta haɗe ba yankewa takan zama shinge ta tare ci. Ka cika seriyam, ka janye alminiyum, shingen ya tsattsinke, guntayensa su koma batira. Garin gyaran gira an rasa ido. Kada kuma a sa zakoniyam a gamin da ke da alminiyum, domin kama juna suke yi su nutse, a yi asarar duka biyun. Gamin AE44 da aka zuba mazaunin injin motar Corvette Z06 ta 2006 da shi, tun farko aka rage masa alminiyum zuwa kashi 4, kuma babban dalilin sa dangin seriyam a cikinsa shi ne kada ya saki jiki a zafin inji.

A bakin murhu

Magniziyam yana narkewa a digiri 650. Itiriyam sai ya haura 1,500, gadoliniyam 1,300, niyodimiyam 1,000. Ga su da nauyi: gadoliniyam kusan nauyin baƙin ƙarfe gare shi. Idan aka jefa guntunsa a narki ba a juya sosai ba, gindin tukunya zai tafi, saman zubin da ƙasansa su zama ƙarafa biyu dabam. Ɗalibi ya ga abin bai narke ba, sai ya ƙara wuta, ya bar narkin ya daɗe. Tukunyar kuwa ta baƙin ƙarfe ce, kuma gwargwadon zafi gwargwadon ƙarfen da narkin ke sha daga jikinta. A wajen digiri 750 abin da yake iya sha ya wuce iyakar nan ta giram 170 a tan. Tukunyar baƙin ƙarfe marar nikel ita ce ta al'ada, amma a shafe cikinta, a taƙaita zafi da lokaci, a bar narkin ya ɗan lafa kafin zubi don datti ya kwanta, kuma kada a zuba na gindi. Tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula da kwanoni, a guje ta, yawanci akwai nikel a cikinta. Ta yumɓu kuma magniziyam yana cin yashin da ke jikinta.

Garin gishirin da ake rufe narki da shi don kada ya kama wuta shi ma yana da nasa sharri. Na gama-gari yana ɗauke da gishirin magniziyam, MgCl2, wanda ke cinye dangin seriyam ya mayar da su datti, sai ka auna kashi 2 ka zuba, rabin abin ya tafi a kumfar sama. Guntun garin da ya maƙale a cikin zubi kuma yana jan danshi, daga nan rami ke farawa tun kafin a kai samfurin ruwa. Rufe narki da iskar agon mai ɗan garwayen iskar kariya ya fi dacewa da waɗannan gami.

Maganar Baba ta wuta kuwa, a riƙe ta da hannu biyu. Ba a zuba wa wutar magniziyam ruwa, domin haidirojin zai fito ya fashe. Tukunyar kashe gobara mai iskar kabon ma ba ta kashe ta, cikinta take ci. Busasshen yashi ƙarau ko busasshen garin rufe narki, a ajiye shi kusa kafin a kunna murhu. Awartaki da ludayi da mazubi duk a gasa su su bushe.

Gwajin da ke faɗin abin da ake son ji

Nan ne yanayin garinmu ke shiga aikin ba da sallama ba. Na ga ɗalibar da ta gwada samfurin da ba a ƙara wa komai ba a watan Afrilu, lokacin da ɗakin gwaji ke haura digiri 40, sannan ta gwada mai seriyam a Disamba cikin sanyin hunturu. Na biyun ya fi juriya, ta yi murna. Na ce mata, "Ke, kin gwada bazara da hunturu ne, ba seriyam ba." Ta sake aikin, duk samfuran a lokaci guda, cikin baho ɗaya na ruwa mai tsayayyen zafi, da ma'aunin zafi a tsome. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana shanye ruwan kofin da aka bari a buɗe, gishirin ya ƙara kauri kullum, don haka a rufe kofin a yi masa alamar layi.

Ruwan ma abin dubawa ne. Ƙasar nan tamu mai farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Kalambaina ana siminti, kuma ruwan rijiya da na burtsatse a irin wannan ƙasa yakan ɗauko alli. Allin yana kwanciya a fuskar magniziyam ya yi masa rigar aro. Ruwan da aka tace ta tururi ake so, da gishirin ɗakin gwaji, ba na miya mai ayodin ba. A kuma sa ruwa mai yawa, aƙalla mililita 20 zuwa 40 ga kowane santimita murabba'i na fuskar samfur. A ƙaramin kofi, cin da kansa yana mayar da ruwan ya yi kanwa-kanwa har ma'aunin pH ya kai wajen 10.5, a nan kuma fatar ƙarfen ke samun zama, cin ya lafa, a zaci gamin ne ya yi kyau.

Samfefar da aka goge baƙin ƙarfe da ita jiya, ko burushin waya, ko fayil ɗin makanike, duk suna dasa ƙwayoyin ƙarfe a fuskar samfur. Kowane samfur da sabuwar samfefa.

Sai hanyar awo. Ɗalibai suna son na'urar auna lantarkin tsatsa saboda cikin minti 30 ta zana hoto mai ban sha'awa. Ga magniziyam ita kaɗai ba ta isa ba, domin yawanci tana nuna ci ƙasa da na gaskiya, kuma tana faɗin halin mintocin farko ne kawai, alhali gamin da ya yi lamo ranar farko yana iya ɓallewa rana ta huɗu. Akwai wata fassara da nake yawan gogewa da jan biro: cewa tunda lambar lantarkin samfur ta matsa sama, to ya fi juriya. Ƙazantar baƙin ƙarfe ma tana matsar da lambar sama, tana kuma ninka ci.

Hanyar da na fi amincewa da ita ba ta buƙatar ko wutar lantarki, abin da ya dace da mu. A rataye samfur da zaren kamun kifi a cikin ruwan gishiri, a kifa masa mazurari, a ɗora bututun awo cike da ruwa a kife a kan mazurarin. Kumfar haidirojin za ta hau ta taru a sama, kana karantawa safe da yamma. Kowace mililita guda ta iska tana nufin kusan miligiram guda na magniziyam ya tafi. A rubuta zafin ɗaki duk lokacin karatu, don iska tana kumbura: daga digiri 20 zuwa 40 girmanta yana ƙaruwa kusan kashi 7 cikin 100 ko da ba a ƙara cin komai ba. A bar shi mako guda aƙalla, biyu sun fi. A ƙarshe a wanke farar tsatsar da ruwan asid na kuromiyam, giram 200 a lita, a busar, a auna nauyin da ya ragu. Wannan asid guba ne mai jawo ciwon daji, sai da safar hannu da tabarau, kuma ba a zubar da shi a kwata. Miligiram guda a kowane santimita murabba'i a rana daidai yake da milimita 2.1 a shekara. Idan lissafin iska da na nauyi suka yi kusa da juna, ka kama gaskiya. Samfur uku ga kowane gami shi ne mafi ƙaranci, kuma a ɗauki hoton fuskar kowanne, domin gamin da ya rasa nauyi kaɗan amma ya huda rami guda mai zurfi ya fi wanda ya zaizaye bai ɗaya haɗari.

Masu sha'awar ɓangaren likitanci su sani cewa nasu burin dabam ne. Ƙusar ɗorin ƙashi ta MAGNEZIX da ta sami izini a Turai a 2013, da ragar buɗe jijiyar zuciya ta Magmaris a 2016, duk da gamin magniziyam mai dangin seriyam aka yi su, kuma so ake su narke a jiki sannu a hankali bayan sun gama aiki. Ruwan gishiri mai kashi 3.5 ba ya faɗin komai game da jini mai zafin digiri 37.

Bayan an fita ɗakin gwaji

Sakkwato tana nesa da teku, ruwan samanmu kuma na 'yan watanni ne, shi ya sa kayan magniziyam ke daɗewa a nan lafiya lau har a manta da halinsu. Inda matsalar ke ɓullowa shi ne inda gumi ke taɓawa, da inda ruwan damina ke kwanciya, da kewayen noti. Mai walda da ya ɗauki magniziyam a matsayin alminiyum ya like shi da sandar alminiyum, ɗinkin zai fito da gautsi kamar gilashi. Sai da sandar magniziyam da iskar agon. Notin baƙin ƙarfe kuwa, babu adadin itiriyam ko gadoliniyam da zai kare gamin daga gare shi, ko WE43 ne. Sai an raba su: wosha ta alminiyum marar jan ƙarfe ko ta roba a tsakani, fenti a kan magniziyam ɗin har cikin ramin notin, da hanyar da ruwa zai tsiyaye.

Murfin nan da Baba ya wurgar, na saye shi a ranar, na yanka shi biyu. Na ɗaura wa rabi guda ƙaramin notin baƙin ƙarfe kai tsaye, ɗayan kuma na sa masa irin notin da wosha ta roba sama da ƙasa da ɗan bututun roba a ramin, na tsoma su cikin kofuna biyu na ruwan gishiri a kan tagar ofis. Kafin la'asar kumfa ta lulluɓe kan notin farko. Da mako ya zagayo, magniziyam ɗin da ke kewaye da shi ya cinye ya bar zobe mai zurfi, notin yana lilo a raminsa, shi kuwa ko ɗigon tsatsa babu a jikinsa. Na biyun ya yi fari-fari a gefen da wuƙa ta yanka, notinsa na nan daram. Duk ɗalibin da ya shigo da takardar dangin seriyam, guntayen nan biyu nake fara miƙa masa ya juya su a hannu kafin mu buɗe shafin farko.